Amalar da Goni Bai Ci Ba

Kwano uku Kaosarat ta kai falo da azahar ɗin ranar Talata. Biyu suka dawo a suɗe, na ukun ya dawo yadda ta kai shi, ko yatsa ba a dangwala ba.

Ta tsaya a kicin tana kallon amalar nan da ta sandare, ga miyar ayoyo ta huce, ga tsoka huɗu na naman akuya da ta zaɓa da hannunta. Tun sassafe take Kasuwar Sabon Gari neman garin doya mai kyau, ta dawo ta yi tuƙi har kafaɗarta ta ƙage. Shi kuwa Goni, wanda aka yi wahalar dominsa, ya zauna awa guda da kwanon a gabansa, ya tashi ya yi sallama ya tafi.

Ba ta gama share hawaye ba ta ji mahaifinta yana kiranta.

Alhaji Raji jiya ya iso daga Ogbomoso, don ya ga 'yarsa ta karɓi takardar kammala bautar ƙasa ranar Alhamis, ya tattara ta su koma gida. Yana zaune a kan doguwar kujera, hularsa a gwiwa. Gefe ga Alhaja Risikat, aminiyar marigayiya mahaifiyar Kaosarat, wadda ta riƙe ta shekara guda a gidanta na Fagge. A ƙasa kuma ɗan Alhajar, Abdulwasiu, ne yake sakace hankali kwance, shi da ya zube rub da ciki ya gaida Baba, ya kuma cinye malmala biyu.

Kaosarat ta durƙusa. Baba ya yi magana da Yarbanci, don ko "sannu" ba ya ji da Hausa.

"Wannan ne mutumin da kike so in bar ki a garin nan saboda shi?"

"Baba, ni ma ban san abin da ya same shi ba."

"Ni na sani. Ya shigo ya tsuguna a bakin ƙofa kamar wanda ya zo ɗiban wuta, bai kwanta ya gaishe ni ba, na ce ba komai. Ina magana yana kallon ledar ƙasa, na ce ba komai. Na tambaye shi da Turanci me yake nema wurin 'yata, wai manya za su zo. Na haɗiye. Amma abinci, Kaosarat? Sau uku ina ce masa bismillah. Na ce azumi kake? Ya ce a'a. Ba ka da lafiya? Ya ce lafiya lau. Saurayi, ƙarfe biyu na rana, wai ya ƙoshi."

"Baba..."

"Ƙyamarmu yake. Wanda ya ƙi kwanon gidanku ranar farko, ranar da kuka yi faɗa zai gaya miki abin da yake gani a cikinsa."

Abdulwasiu ya zare tsinken daga baki. "Ai haka suke, Baba. Ni nan aka haife ni, na san su."

Kaosarat ta juya ta kalli Alhaja Risikat, ko za ta sa baki. Alhaja ta kama ɗankwalinta tana gyara ɗaurin da ba abin da ya same shi.

Baba ya zaro tikiti uku daga aljihu ya ajiye a hannun kujera. "Alhamis bayan la'asar. Ni, da ke, da Abdulwasiu, tunda shi ma hanyarsa ce, Legas zai koma da kasuwancin wayarsa. Kujerarsa kusa da taki na sa aka ba shi. Hanya doguwa ce, kwa saba. Tashi ki ba ni wuri."

Abin da zai ba mutum dariya, in da dariya a ciki, ita wannan Kaosarat ɗin da take kuka don za a raba ta da Kano, ita ce ta yi kwana biyu tana kuka bara, ranar da ta ga an turo ta Kano.

Kuma garin bai yi mata karɓar baƙunta ba. Wuta sai ta ga dama ake ganinta. Ruwa sai an tare 'yan garuwa. Makarantar firamaren da aka kai ta a Fagge, yara tamanin da bakwai ne a ajinta, benci goma sha ɗaya, bayan tagar kuma wata kwata ce da ta toshe da ledojin ruwa tun ba a san ranar ba. Sati uku da zuwanta ta cike takardar neman sauyin jiha, ta sa a jaka, tana jiran Litinin.

Ranar Juma'a aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya. Kwatar ta yi amai, ruwa ya shiga aji har idon sawu, littattafan yara suna yawo a sama.

Da safiyar Asabar ta je ta ga ko akwai abin da za a tsinta, sai ta tarar da unguwa ta fito aikin gayya. Tela da mahauci da direban adaidaita sahu, da Augustine mai kemis wanda ya tsallako daga Sabon Gari da shebur biyu, kowa ya naɗe wando. A tsakiyar kwatar wani dogo yake tsaye, baƙin ruwa har cinya, yana miƙo bokiti yana tsokanar masu karɓa. Ta leƙa ta ce masa sannu da aiki, da 'yar Hausarta da ba ta wuce cikin cokali ba.

Ya ɗago ya ce, "Da godiya, Malama."

Da godiya. Mutum a cikin kwata. Ta koma gida tana juya kalmar, har Litinin ta zo ta wuce takardar tana jaka.

Shi ne Goni, mai gyaran keken ɗinki, wanda sunan ya bi shi tun da ya haddace Alƙur'ani yana ɗan shekara sha biyar. Daga ranar ta shiga aikin gayyar, duk Asabar ɗin ƙarshen wata. Ita ke tuƙo amala a babbar kula ta kawo wa masu aiki, Goni kuwa ba ya tashi sai ya ga ƙasan kula.

A hankali garin ya shige ta ba ta sani ba. Mai awarar ƙofar makaranta da ke ɓoye mata masu ƙauri don ta san su take so. Adaugo mai shagon atamfa, wadda Hausa ta fi zama a bakinta fiye da na wasu Hausawan, tana tsare wa maƙwabtanta rumfa in sun tafi masallacin Juma'a. Yaranta da suka mai da Kaosarat ta koma Malama Kausar, waɗanda ashirin da shida daga cikinsu yanzu suke karanta jimla ba gargada. Shugaban makarantar har ya ce in za ta zauna, ajin nata ne. Wutar dai ba ta gyaru ba, ruwan ma haka, amma ta daina ƙirga kwanaki.

Ranar Laraba, da ta fito daga yi wa yara sallama, ba ta nufi gida ba. Ta bi lungun da ke ɓullewa Titin Ibrahim Taiwo, ta tsaya a bakin shagon Goni.

Yana zaune ya kwance kan wani keken ɗinki yana gyara, hannunsa duk baƙin mai. Yana ganinta ya miƙe da fara'a.

"Malama Kausar. Ya Baba ya kwana? Ina fata dai ban yi wani abin kunya ba jiya."

Ta tsaya tana kallonsa. Wato bawan Allahn nan bai ma san ya yi ɓarna ba.

"Goni, me na yi maka?"

Fara'ar ta ɗauke. "Subhanallahi. Me ya faru?"

"Wata goma kana cin amalata a bakin kwata, hannunka da taɓo, kana cewa a ƙaro. Jiya na tuƙa maka ita a gaban mahaifina, ranar da ta fi kowace rana, ka kalle ta kamar an zuba maka ƙasa." Muryarta ta karye. "Baba ya ce ƙyamarmu kake. Gobe zai tafi da ni, ya yanki tikiti, ya zaunar da Abdulwasiu kusa da ni."

Goni ya koma ya zauna a kan bencinsa.

"Ƙyama? Ni?" Ya dafe kai. "Kausar, wallahi jiya ko karyawa ban yi ba don fargaba. Ƙamshin miyar nan yana dukan hancina, cikina yana ƙugi, ina addu'a kar Baba ya ji. Amma in buɗe baki in tauna a gaban mutumin da nake neman 'yarsa? Da wane idon?"

"Abinci ne fa kawai."

"A wurinmu ba abinci ne kawai ba. Kunyar suruki ake cewa. Mahaifina har ya koma ga Allah bai taɓa kurɓar ruwa a gaban kakana na wajen uwa ba. In da na ci jiya, da na nuna wa Baba ban ɗauke shi bakin komai ba, sa'ana ne da za mu haɗa hannu a kwano. Duk girman da na iya, shi na ba shi."

Kaosarat ta dafa ƙofar shagon. "Mu kuma a wurinmu, wanda ya ci naka shi ne naka. Ranar da aka kawo manemi gida, idon kowa a kan hannunsa yake."

"Ban sani ba."

"Ni ma ban san naku ba." Hawayen suka ɓalle mata gaba ɗaya. "Ni na jawo. Ni na ce ka zo kai kaɗai, ka zo cin abinci, yadda ake yi a gida. Shekara guda ina taƙamar na san Kano, ashe bakin kwata kawai na sani."

"Daina kuka, don Allah, mutane suna wucewa."

"Su wuce. Goni, ka zo yau. Loma ɗaya. Ka rufe ido ka haɗiye, ka ga in Baba bai sauko ba."

Ya sunkuyar da kai yana murza tsumman hannunsa.

"Akwai abin da ban gaya miki ba. Baffa ya ji na je. Tun da mahaifina ya rasu shi ne ubana, shi zai nema mini aure. Jiya ya kira ni ya wanke ni tas, ya ce na je gaban surukai ni kaɗai kamar marar dangi, na zubar musu da mutunci. Abu ɗaya ya tambaye ni, ka ci abinci a can? Na ce a'a. Ya ce Allah ya taimake ka, da ka ci, da babu ƙafata a maganar nan har abada."

"To in ka ci ka rasa Baffa, in ba ka ci ba ka rasa ni."

"Gaba kura, baya siyaki."

"Ni ce siyakin ko kurar?" Ta yi wata dariya da ta fi kuka ciwo. "Ka san abin da yake ƙona mini rai? Ba kai kaɗai za a raba ni da kai ba. Yau Mahbuba, yarinyar nan da ta yi wata huɗu ba ta buɗe baki a aji, ta karanta mini shafi guda, ta riƙe mini hijabi ta ce Malama Litinin za ki zo? Na ce mata in Allah ya so. A Ogbomoso akwai wuta fiye da nan, akwai ruwa, akwai 'yan uwana. Amma ban taɓa sanin ina da amfani ba sai a garin nan mai wari da zafi. Ina son garin nan, Goni. Ina son ka a cikinsa."

Idon Goni ya kaɗa ya yi ja. Ya juya mata baya yana tattara ƙusoshin da ba su watse ba.

"Zan koma wurin Baffa," ya ce. "Ban yi miki alkawari ba, don tsohon nan in ya kafe ko jaki albarka. Amma zan koma."

A adaidaita sahu, kan hanyar gida, wani abu ya faɗo mata. Fareedah, babbar 'yar Alhaja Risikat, ai Bahaushe take aure. Duk Juma'a yana zuwa gaida Alhaja, ya tsuguna daga bakin ƙofa, a kawo masa lemo, ya tashi ya bar shi a rufe. Sau nawa Kaosarat da kanta ta mayar da kwalbar nan firij?

Ta tarar da Alhaja a tsakar gida tana jera robobi da kwanukan da za a kai mata rumfa.

"Mama, kin sani."

Alhaja ba ta ɗago ba. "Na san me?"

"Kin san kunya ce ta hana shi ci. Mijin Anti Fareedah haka yake yi miki. Kina zaune Baba ya ce ƙyama ce, ba ki ce komai ba."

Alhaja ta ajiye robar hannunta a hankali. Ba ta musa ba, wannan ma ya fi ciwo.

"Zauna, Kaosarat. Ɗa namiji ɗaya Allah ya ba ni. An haife shi a garin nan, ya tashi yana zaginsa, ga shi zai tafi Legas. Legas cinye yaro take in ba mace mai hankali a bayansa. Ni da uwarki mun sha faɗa muna dariya, tun kina goye, cewa za mu haɗa ku. Shekara guda ina kallonki a gidan nan, ban ga abin ƙi ba. Laifi ne don uwa ta so wa ɗanta abu mai kyau?"

"Ba na son sa, Mama. Yaya na ɗauke shi."

"So yana zuwa."

"Ko ya zo, a kan ƙarya zai zauna."

"Ni ban yi ƙarya ba. Shiru na yi."

Kaosarat ta tashi ta shiga falo, ta durƙusa gaban Baba ta zayyana masa komai, tana yi tana share hanci. Ya saurare ta har ta gama, don Alhaji Raji ba mai katse magana ba ne. Sannan ya ɗaga murya ya kira Alhaja.

"Alhaja, shekararki talatin a garin nan. Wai gaskiya ne ƙin cin abincin mutum girmamawa ne a wurinsu?"

Alhaja ta tsaya a bakin labule. Ta kalli Kaosarat, ta kalli ƙasa.

"Alhaji, kowane gida da irin tarbiyyarsa. Ni ban san gidansu yaron nan ba."

Baba ya gyaɗa kai. "Kin ji. Shi ya kitsa miki wannan don ya ga ya yi ɓarna. Je ki haɗa kayanki."

Ranar Alhamis da safe ta sa kakinta karo na ƙarshe ta karɓo takardarta. 'Yan uwanta masu bautar ƙasa suna ta ɗaukar hoto suna murnar sun tsira, ita kuwa ko murmushin hoton da Baba ya sa aka yi musu sai da ta ƙaƙaro shi.

Bayan la'asar suna tashar manyan motoci ta Sabon Gari. Hadari ya haɗo daga gabas, 'yan kamasho suna ta ihu, ana ɗaure buhunan albasa a ƙarƙashin mota. Baba yana zaune a benci, kular amalar da ta tuƙa masa saboda hanya tana gefensa, don ba ya cin abincin tasha. Abdulwasiu ya riga ya kai jakarsa ciki ya dawo. Alhaja Risikat ta rako su, tun daga gida ba ta haɗa ido da kowa ba.

Kaosarat ta kalli ƙofar tasha har wuyanta ya gaji. Da aka fara kiran fasinja su shiga, ta ɗauki jakarta ta daina kallo.

Sai ga wata adaidaita ta tsaya. Wani tsoho ya sauko da ƙyar, siriri, da farar babbar riga da sanda, bakinsa haƙoran da suka rage ba su fi a ƙirga da hannu ɗaya ba. Goni yana biye da shi da leda a hannu. Taku goma kafin bencin Goni ya tsaya ya tsuguna, kansa a ƙasa. Tsohon, wato Baffa, ya ƙaraso shi kaɗai.

Ya yi sallama, Baba ya amsa, iyakar abin da harsunansu suka haɗu a kai ke nan. Baffa ya zauna a ɗaya gefen bencin ba tare da an ce ya zauna ba, ya waiga ya ga Alhaja.

"Alhaja Risikatu mai robobi, ai na san ki. Yau ke ce bakina. Ki gaya wa baƙonmu ni ne uban yaron can. An ce mini ransa ya ɓaci saboda kwano. Ki ce masa yaro ba ya ci a gaban suruki, in ya ci ni zan fara korarsa, kuma ko yau ba zai ci ba. Amma kwanon da aka ajiye wa gidanmu bai kamata ya koma a rufe ba, wannan gaskiyar baƙo ce. Ni ne sa'ansa. In akwai sauran abincin, a ba ni."

Kaosarat ta ji kowace kalma. Ta kuma san in ita ta fassara, Baba zai ce ta ƙara gishiri. Ta zuba wa Alhaja ido.

"Me yake cewa?" in ji Baba.

"Mama, mota za ta tashi fa," in ji Abdulwasiu. "Ki ce masa sun zo sallama ne kawai."

Alhaja ta kalli ɗanta. Ta daɗe tana kallonsa, har direba ya danna ham. Sannan ta juya wurin Baba ta fara magana da Yarbanci, ta faɗi maganar Baffa tun daga farko har ƙarshe, ba ta rage ko ɗaya ba. Da ta kai ƙarshe ba ta tsaya ba.

"Saura tawa, Alhaji. Jiya ka tambaye ni na kauce. Mijin Fareedah shekara tara yana zuwa gidana, ko ruwa bai taɓa sha a gabana ba. Shekarar da ruwa ya shiga gidan nan ina kwance da ciwon ƙafa, shi ya goya ni a bayansa ya fitar da ni. Na san abin da yaron can ya yi tun yana yi. Na yi shiru don ina so wa ɗana." Ta goge ido da bakin mayafi. "Ka yafe ni. Uwarta ma ta yafe ni."

Abdulwasiu ya yi tsaki ya haye mota.

Baba ya kalli tsohon, ya kalli Goni da ke tsugune yayyafi ya fara sauka a kansa. Sai ya jawo kular ya buɗe, ya tura ta tsakiyar benci.

Baffa ya wanke hannu da ruwan leda, ya yi bismillah, ya gutsuro amalar da bai taɓa sa wa a baki ba tun da aka haife shi. Miyar ta yi masa yauƙi har gemu. Loma ta biyu yajin ya kama shi, ya sarƙe, ya yi tari har hularsa ta karkace, hawaye suna bin kumatunsa. Kaosarat ta miƙa masa ruwa, ya ɗaga mata hannu, ya sake kai loma ta uku.

A ta huɗu Baba ya karɓi ledar ruwan ya wanke nasa hannun, ya sa a cikin kular.

Haka tsofaffin nan biyu suka ci, ba mai jin yaren wani, ɗan kamasho yana ta zagaye su yana haɗa su da Allah su bari mota ta tashi. Da suka ga ƙasan kula, Baffa ya yafito Goni da sanda, ya karɓi ledar hannunsa ya ajiye kusa da Baba. Kilishi ne, guzurin hanya. Goni ya koma inda yake ya sake tsugunawa.

Baba ya miƙe ya kakkaɓe riga.

"Shiga mota, Kaosarat."

Ta matso gabansa. "Baba, ka ji fa abin da Mama ta ce. Ka ci da shi. Baba, ajina..."

"Na ji. Ba a tasha ake ba da 'ya ba. Shiga mota."

Ta rasa ko ƙi ne wannan ko me. Ta kalli Alhaja, Alhaja tana kuka. Ta durƙusa wa Baffa, ya ce, "Allah ya kiyaye hanya, 'yata," bakinsa har yanzu yana huci da yaji. Ta hau, ta zauna a bakin taga kusa da Abdulwasiu, wanda ya toshe kunnuwansa da waya ya kau da kai.

Ta taga ta hango Goni. Yana nan a tsugune, ruwa ya jiƙa masa kafaɗu. Sai da Baba ya juya baya ya kama ƙofar mota sannan ya ɗago kai ya neme ta, karo na farko tun da ya shigo tashar. Bai ɗaga hannu ba. Ita ma ta kasa.

Baba ya shigo yana bin lambobi, ya wuce tasa kujerar, ya tsaya a kansu. Ya taɓa kafaɗar Abdulwasiu.

"Tashi ka koma tawa."

"Baba, ai nan ce lambata."

"Ni na saya. Tashi."

Ya zauna kusa da 'yarsa, ledar kilishin a kan cinyarsa. Mota ta fita daga tasha ruwa yana tsananta. Suka bi ta gefen Fagge, Kaosarat ta manna goshi da gilashi tana kuka ba sauti. Ga mai awara tana gudu da tire a ka. Ga bakin lungun makaranta. Ga kwatar da suka yashe Asabar ɗin da ta wuce, ruwa yana gudu a cikinta bai hau titi ba.

Sun kusa fita gari ta ji motsin leda. Baba ya yago kilishin, ya juya shi gaba da baya yana dubawa.

"Yaron nan," ya ce, idonsa a kan naman. "In ba na wurin, yana cin abincinki?"

Ta share fuska da bayan hannu. "Yana ci, Baba. Har ya suɗe kwano."

Baba ya ce, "Hmm." Ya kai kilishin baki.